Keken tsere na farko da kuɗi kaɗan: tambayoyin sabon shiga da amsoshinsu

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda nake yawan ji daga bakin wanda ya ƙwallafa rai a kan keken tsere amma aljihunsa bai da nauyi. Wasu na amsa su a taƙaice domin ba su da wani zurfi. Wasu kuma na daɗe a kansu, saboda a nan ne mutane ke asarar kuɗi, ni ma a nan na yi tawa asarar.

Me ake nufi da keken tsere, kuma me ya raba shi da sauran kekuna?

Keke ne da aka ƙera domin gudu da doguwar tafiya a kan kwalta. Za ka gane shi da kansa mai lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago, da siraran tayoyi, da rashin sifirin a gaba ko baya. Wilinsa kusan kullum mai lamba 700c ne, wato faɗin da'irar da taya ke zama a kai milimita 622. Ana kiransa keken tsere, amma yawancin masu shi ba su taɓa shiga gasa ba: motsa jiki suke yi, ko zuwa aiki, ko fita da abokai.

Wannan lanƙwasar kan tana da dalili. Tana ba hannu wuraren riƙo uku: sama, kan mariƙin birki, da ƙasa. A tafiyar awa biyu ko uku, sauya wurin riƙo shi ke hana hannu mutuwa da wuya ƙagewa. Idan kuma ka sunkuya ka riƙe ƙasa, iska ba ta samun faɗin ƙirjinka ta tura ka baya. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce babbar abokiyar gaba, kuma yawancin turjiyarta a jikin mahayi take sauka, kaɗan ne rabon keken.

To, shin keken tsere nake buƙata ma kuwa?

Ka dubi hanyar da za ka riƙa bi, ka faɗa wa kanka gaskiya. Idan kwalta ce mafi yawa, kuma burinka ka riƙa yin kilomita 30, 50, har 100 wata rana, keken tsere ne naka. Idan rabin hanyar tsakuwa ce da turɓaya, akwai ɗan'uwansa da ake kira giraɓul ko keken tsakuwa: kai iri ɗaya, amma taya mai kauri, milimita 38 zuwa 45. Idan kuwa tafiyarka gajera ce cikin cunkoson motoci, da kaya a baya, keke mai miƙaƙƙen kai ya fi maka sauƙi da arha, kuma babu abin kunya a ciki.

A cikin kekunan tseren ma akwai gida biyu. Akwai na gasa tsantsa, mai gajeren wuya, wanda ke kifa mahayi ƙasa sosai. Akwai kuma na doguwar tafiya, mai ɗan tsawon wuya, da ke barin ka zauna a ɗage kaɗan, kuma yana karɓar taya mai faɗi. Sabon shiga ya nemi na biyun. Trek Domane AL, Giant Contend, Specialized Allez na shekarun baya-bayan nan da Triban na kamfanin Decathlon duk a wannan layi suke ko dab da shi.

Yaya zan raba ɗan kuɗin da nake da shi?

Kada ka zuba shi duka a kan keken. Ni shawarata, ka ware kashi ɗaya cikin biyar, in da hali ma ɗaya cikin huɗu, ka ajiye gefe kafin ka fara zagayen ganin kekuna. Hular kwano, famfo, tif na ajiya, fitilu, makulli da man sarƙa duk daga nan za su fito, kuma yawancin sababbin kekunan tsere masu ɗan daraja ba sa zuwa da feda, ko kuma su zo da na roba na wucin gadi. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a kan keke yakan dawo gida ya jingine shi a bango mako biyu saboda taya ta sace ba shi da famfon da ya dace da bawul ɗinta.

Wane girman keke ne daidai da ni?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma ita ce mai sayarwa ya fi son a tsallake.

Kekena na farko na hannu ne, mai lamba 58, ni kuwa 54 ne nawa. Mai shi ya ce ai sai in sauke sirdi, shi ke nan. Fentin yana sheƙi, farashin ya yi mini daɗi, na biya. Sirdin ya sauka kuwa, amma kan keken bai matso kusa ba. Na yi watanni ina miƙa hannu kamar mai ɗauko abu daga ƙarƙashin gado. Bayan minti arba'in sai tsakanin kafaɗuna ya ɗauki zafi, yatsu biyu na ƙarshe su mutu, in riƙa yarfe hannu a hanya. Na ɗauka haka keken tsere yake, sai ranar da na ari na wani mai tsawona na zagaya da shi. Ban yi kilomita ɗaya ba na gane cewa kuɗina na sa na sayo wa kaina ciwo. Da asara na sayar da shi.

Ana auna firam da santimita, daga wajen 47 zuwa 62, ko da haruffa daga XS zuwa XL. A kimance, mai tsawon santimita 160 zuwa 168 yana faɗawa wajen 50 zuwa 52, mai 170 zuwa 177 wajen 54, mai 178 zuwa 184 wajen 56, wanda ya haura haka 58 zuwa sama. Amma 54 na wannan kamfani ba lalle ya zo daidai da 54 na wancan ba, don haka ka duba jadawalin kamfanin da ya ƙera keken. A jadawalin akwai lambobi biyu da suka fi lambar firam faɗin gaskiya: tazarar da ke tsakanin tsakiyar aksil ɗin feda da saman wuyan keke a tsaye, da kuma tazararsu a kwance. Ta farko tana gaya maka yadda za ka sunkuya, ta biyu yadda za ka miƙe. Da su ake kwatanta keke da keke.

Sannan ka hau. Ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, sandar sama kada ta taɓa ka. Ka zauna ka ɗora hannu a kan mariƙin birki: gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sake, yatsu su kai ga birki ba tare da ka zame gaba a sirdi ba. In ka faɗa tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramin. Ƙaramin keke ana iya ɗaga masa sirdi a sa masa doguwar maƙalar kai, wato ɗan guntun da ke haɗa kai da wuyan keke, domin ana samunta daga milimita 70 har 130 kuma ba ta da tsada. Babban keke kuwa ba a rage masa ƙashi.

Ina zan tsayar da sirdi?

Hanya mafi sauƙi: ka jingina da bango, ka ɗora diddige a kan feda, ka juya ta zuwa can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so.

Mai son lissafi kuma akwai ƙa'idar da ake jingina wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya lashe babbar gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, a 1986 da 1989 da 1990. Ka tsaya ba takalmi, ka matse littafi tsakanin cinyoyinka, a auna daga bakinsa na sama zuwa ƙasa, a ninka da 0.883. Mai santimita 82 zai samu 72.4, wato daga tsakiyar aksil ɗin feda zuwa saman sirdi. Mafari ne kawai. Daga nan sai ka riƙa gyarawa da milimita biyu-uku. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta ya yi sama. Sababbin mahaya kusan dukansu ƙasa suke barinsa, domin suna son ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune. A keken tsere sauka ake yi daga sirdi idan an tsaya.

Alminiyam, ƙarfe ko kabon?

Alminiyam, in kuɗinka kaɗan ne. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, kuma kamfanoni sun daɗe da ƙwarewa a kansa. Mafi yawan kekunan farko firam ɗin alminiyam ne da cokalin gaba (mai riƙe wilin gaba) na kabon, kuma wannan haɗin ya wadatar.

Ƙarfe mai kyau, irin kuromoli, yana da ƙarko kuma mai walda zai iya gyara shi in ya tsage, sai dai ya fi nauyi kuma yana son a kiyaye shi daga ruwa. Tsohon keken ƙarfe da aka kula da shi abin so ne, amma giyarsa takan yi wa ɗan koyo tauri a hawa.

Kabon kuwa, mai kyansa yana da tsada, mai arharsa kuma kyan ɗan maciji ne. Firam ɗin kabon maras suna, ko na hannu da ba ka san tarihinsa ba, yana iya ɗauke da tsagewa a ciki wadda ido ba ya gani. In aka ba ka zaɓi tsakanin kabon da aka yi wa kaya masu rauni da alminiyam mai kaya nagari a kuɗi ɗaya, ɗauki alminiyam.

Nauyin keke fa? Na ga kowa yana ɗaga shi da yatsa a shago.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba tun shekarar 2000. Keken farko yakan kai kilo 9.5 zuwa 11. Bambancin yana da girma a hannu, a hanya kuwa ƙanƙane ne. Ka ɗauka kai da kekenka da gorar ruwanka kilo 80 ne. Cire kilo ɗaya ya rage kashi 1.25 cikin ɗari ke nan, wato a tudun da ke cin minti 20 ka ci ribar daƙiƙa 15 ko ƙasa da haka. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ma ba za ka ji komai ba. Kowane giram da aka rage kuma da kuɗi ake rage shi.

Mene ne Claris, Sora, Tiagra da 105 da nake gani a talla?

Sunayen matakan kayan giya da birki ne na Shimano, kamfanin Japan da aka kafa a 1921, wanda kayansa ke kan mafi yawan kekuna masu sauƙin kuɗi. Daga ƙasa: Tourney mai farantan haƙora 7 a wilin baya, Claris mai 8, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 mai 11 ko 12 a sabon samfuri, sannan Ultegra da Dura-Ace na masu gasa. SRAM na Amurka yana da nasa jerin, Apex, Rival, Force, Red. Campagnolo na Italiya kuma ba kasafai ake ganinsa a keken farko ba. Akwai microSHIFT na Taiwan a kan wasu kekuna masu arha, kuma yana aiki lafiya.

Za ka ji ana cewa kada ka sayi abin da ya gaza 105. Ban yarda ba. Claris da Sora na yanzu suna canza giya tsaf in an saita su, mariƙin birki da na giya a haɗe suke wuri ɗaya kamar na manyan, wayoyinsu ma a ɓoye ƙarƙashin naɗin kai. Abin da hawa mataki ke ƙara maka shi ne raguwar nauyi, laushin dannawa, da ƙaramar tazara tsakanin giya da giya. Abin da yake ƙara maka kuma da ba a faɗa shi ne tsadar gyara. Sarƙar faranti 8 ta fi ta 11 kauri da arha, kuma kusan kowane mai gyaran keke yana da ita. Ga mai ƙaramin ƙarfi, keken da kayan gyaransa ke da arha ya fi wanda sunansa ke da daɗin faɗa.

Tourney ne kawai nake ɗan ja da baya a kansa, domin galibi alama ce cewa an tsuke kuɗi a sauran sassan keken ma.

Giya nawa ta ishe ni?

Yawan giya ba shi ne abin dubawa ba. Ka duba mafi laushinta. Ƙirga haƙoran farantan gaba da na baya, galibi a rubuce suke a jiki.

A gaba ka nemi 50/34, wato babban faranti mai haƙora 50 da ƙarami mai 34. Tsofaffin kekunan gasa suna zuwa da 53/39, wanda aka yi domin cinyoyin ƙwararru. A baya ka nemi jeri mai ƙarewa da 32 ko 34, kamar 11-32 ko 11-34. Ga abin da hakan ke nufi a ƙafa. Zagaye ɗaya na wili kusan mita 2.1 ne. Da 34 a gaba da 34 a baya, juyin feda ɗaya yana tura ka mita 2.1, ka hau tudu kana zaune kana numfashi. Da 39 a gaba da 25 a baya, irin na tsohon keken gasa, kowane juyi sai ka tura nauyinka wajen mita 3.3 sama. A nan ne za ka ga sabon mahayi ya miƙe tsaye, keken yana tangaɗi hagu da dama, daga ƙarshe ya sauka ya tura, ya koma gida yana cewa keke ba nasa ba ne. Alhali giyar ce ba tasa ba.

Ta ɓangaren gudu kada ka damu. Da 50 a gaba da 11 a baya, in kana juya feda sau 90 a minti, ka haura kilomita 50 a awa. Za ka daɗe kafin wannan ta yi maka kaɗan. Ka saba da juya feda da sauri a giya mai laushi, sau 80 zuwa 90 a minti. Gwiwa ta fi son haka a kan taka mai tauri a hankali.

Birkin roba ko birkin faifai?

Birkin roba yana matse gefen wili. Yana da sauƙi, ba nauyi, kowa na iya canza robarsa, amma yana rauni cikin ruwan sama, yana cin gefen wili sannu a hankali, kuma galibi ba ya barin taya ta wuce milimita 28. Birkin faifai yana matse wani faifan ƙarfe a tsakiyar wili. Tun da UCI ta halatta shi a gasar kan titi a 2018, kamfanoni suka karkata gare shi kusan gaba ɗaya. Iri biyu ne: mai waya da mai mai. Mai mai ya fi kowanne kamawa da laushi a hannu, sai dai ya fi tsada kuma gyaransa sai wanda ya iya. Mai waya, wanda ke kan kekuna masu arha, wani lokaci bai fi birkin roba mai kyau ba, ga yawan neman saiti da ƙarar gogawa.

In kana zaune inda ake yawan ruwa ko gangara masu tsawo, ko kana son taya mai faɗi, faifai ya cancanci ƙarin kuɗin. In ba haka ba, birkin roba bai tsufa ba, kuma da yake ido ya koma kan faifai, kekuna masu kyau na hannu masu birkin roba sun yi sauƙi.

Wace taya, kuma iska nawa?

A da ana ganin siririyar taya mai milimita 23 da aka bunƙara da iska ita ce mai gudu. Yanzu ƙwararru ma 28 zuwa 30 suke hawa. A kan kwalta mai gargada, taya mai tauri tsalle take yi, tsallen kuma ƙarfinka yake ci. Ka nemi keken da zai karɓi 28 aƙalla, 32 in hanyarka akwai ramuka. Ka leƙa tsakanin taya da firam ka ga sararin da ya rage.

Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba umarni ba. Mai kilo 70 a kan taya 28 zai iya farawa da wajen bar 4.5 zuwa 5, wato 65 zuwa 73 a ma'aunin psi, mai nauyi ya ƙara, maras nauyi ya rage. In iska ta yi kaɗan kuma ka daki bakin rami, wili zai cije tif ya bar huda biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Siraran tayoyi suna sace iska da kansu, saboda haka a duba kowane kwana biyu-uku. Bawul ɗin keken tsere siriri ne mai ɗan noti a kai, ana kiransa Presta, sai an kwance notin kafin iska ta shiga. Ka tabbata famfonka yana kama shi.

Sabo ko na hannu?

Na hannu yana ba ka keke mafi daraja a kuɗi ɗaya, sabo kuma yana ba ka garanti, girman da kake so, da kayan da ba su ci ba. In ba ka san keke ba kuma ba ka da wanda ya sani, sabo ya fi maka kwanciyar rai. In kana da aboki masani, ka ja shi ku je tare, kuma da rana, a fili.

Ku fara da firam. Ka shafa hannu a ƙarƙashin babbar sandar da ta gangaro daga wuya, dab da inda suka haɗu. Kumburi ko tsagewar fenti a nan alama ce an taɓa yin karo gaba da gaba. Ka bi duk wuraren walda da ido kana neman siririn layi kamar gashi. Tsagewa a alminiyam ko kabon, ka yi sallama ka tafi, komai arhar.

Sai ka matse birkin gaba ka girgiza keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya saki ko ya ci. Ka kama hannun feda ka jijjiga shi gefe da gefe, kada ya yi motsi. Ka ɗaga kowace ƙafa ka juya wili kana kallon tazararsa da robar birki, ka ga ko yana rawa. Ka sa yatsa a gefen wilin inda roba ke gogawa: in ya yi kwarmi kamar cokali, wilin ya kusa ƙarewa. Ka kwance notin sandar sirdi ka tabbata tana motsi, domin wadda ta ƙame a cikin firam tana iya gagarar bakanike. Ka tsaya a baya ka dubi abin da ke sauya giya, ya rataya sak, kada ya karkata wajen wili.

Sarƙa tana da ɗan ma'auni mai arha da ake zura mata, mai lamba 0.5 da 0.75. In gefen 0.75 ya faɗa ciki, sarƙar ta miƙe, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran baya. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe ɗaya sun gama aiki. Wannan ba ya hana saye, amma ka lissafa kuɗin sarƙa, farantan baya, tayoyi da wayoyi ka cire daga farashin. Sau da yawa in ka haɗa lissafin sai ka ga arhar ta gudu.

Daga ƙarshe ka kifa keken ka duba lambar da aka buga a ƙarƙashin gidan aksil ɗin feda. In an goge ta ko an shafe da fenti, ko mai sayarwa ya kasa faɗin inda ya samo keken, ko farashin ya yi arhar da hankali ba zai ɗauka ba, kayan sata ne har sai an nuna maka akasin haka. Ka nemi rasit, ka hau ka zagaya ka bi ta kowace giya kafin kuɗi ya bar hannunka.

In saya ta intanet?

Cinikin biri a sama ne ga wanda bai san girmansa ba. In ka riga ka hau irin keken ka san lambarka, kuma akwai damar mayarwa, babu laifi. Zai zo a kwali, kai a cire, wilin gaba a cire. Ka kai wa mai gyara ya haɗa ya saita, musamman notocin kai, waɗanda ake ɗaurewa da awo, galibi wajen 5 Nm, ma'aunin ƙarfin ɗauri, kamar yadda aka rubuta a jikinsu.

Na ga sabon keke mai ƙahon rago da arha ƙwarai a babban kanti. Me zai hana?

Ɗaga shi tukuna. In ya doshi kilo 14, girmansa ɗaya ne tal ga kowa, abin canza giya yana can a tsakiyar kai nesa da birki, birkin kuma na lanƙwasasshen farantin ƙarfe ne da ke lauyewa in an matse, to sura kawai ya ara. Irinsa ba ya riƙe saiti, kuma gyara biyu-uku za su kai kuɗinsa. Araha ba ta ado. Da wannan kuɗin gara tsohon keke na ƙwarai.

Sirdin nan siriri ba zai kashe ni ba?

Makon farko da na biyu za ka ji a jikinka, kowa ya ji. Kada ka yi saurin sayen sirdi mai taushi kamar matashi: a doguwar tafiya ƙasusuwan zama suna nutsewa a ciki, sai soson ya danne inda bai kamata ba. Abin da ake so shi ne faɗin sirdi ya dace da tazarar ƙasusuwan zamanka, ya kuma kwanta daidai, hancinsa bai ɗaga ba bai duƙa ba. Gajeren wando mai soso a ciki yana taimakawa ƙwarai, kuma ba a sa kamfai a ƙarƙashinsa, domin ɗinkin ne ke goge fata. Ciwon ƙashi yana wucewa da sabo. Mutuwar gaba ko jin dindiris kuwa ba abin jurewa ba ne, a gyara zaman sirdin ko a canza shi.

Ni mace ce. Sai na nemi keken mata?

Ba dole ba. Wasu kamfanoni suna da layin mata, kamar Liv na Giant, wasu kuma sun daina rabawa. Girman firam, faɗin kai da sirdi su ne abin dubawa. Faɗin kai ya yi daidai da kafaɗa, daga santimita 36 zuwa 44 ake samu, kuma ƙananan kekuna sukan zo da wanda ya yi wa mai ƙaramin jiki faɗi. In yatsunki ba sa kai wa birki da kyau, yawancin mariƙan zamani suna da ɗan noti ko ’yar roba da ke matso da su kusa.

Ina da jiki sosai. Keken zai ɗauke ni?

Zai ɗauka. Kowane kamfani yana rubuta iyakar nauyi a littafin keken, wasu kilo 125 har da keken da kaya, sai ka duba. Wili ne ke fara gajiya kafin firam, don haka ka nemi mai wayoyi 28 ko 32, da taya 32.

Sai na sayi takalmin da ke maƙalewa a feda?

Ba yanzu ba. Ka fara da feda mai faɗi da takalmin da kake da shi, har ka saba da birki, giya da kallon baya ba tare da keken ya kauce ba. In lokacin ya yi, irin fedar Shimano da ake kira SPD, mai noti biyu a ƙasan takalmi, ya fi sauƙi, domin ana iya tafiya da takalminsa a ƙasa, kuma ana sassauta sifirin ɗinsa. Ka yi ta gwajin murɗa diddige waje kana jingine da bango. Duk da haka za ka faɗi sau ɗaya. Tawa a mahaɗar hanya ce, na tsaya cak, na manta ƙafata a ɗaure take, na tafi gefe a hankali kamar an sare bishiya, direban da ke kusa ya sauke gilashi yana tambaya ko lafiya yana ƙoƙarin danne dariya.

Wane kaya ne dole tun ranar farko?

Hular kwano mai tambarin gwaji a ciki, EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka. Mai arha da mai tsada duk gwaji ɗaya suka ci kafin a sa musu tambarin, ƙarin kuɗin galibi na rashin nauyi ne da shigar iska. Sabuwa za ka saya, domin wadda ta taɓa dukan ƙasa ta gama aikinta ko da ba ta nuna ba. Sai fitila fara a gaba da ja a baya, gorar ruwa, da ’yar jaka a ƙarƙashin sirdi mai tif ɗaya, ’yan robobin cire taya biyu, kayan faci, ƙaramin famfo da makullan alan masu lamba 4, 5 da 6. Ka koyi canza tif a gida, a zaune, kafin hanya ta koya maka da yamma ana yayyafi.

In na samu ƙarin kuɗi nan gaba, me zan fara canzawa?

Tayoyi. Kamfanoni sun fi tsuke hannu a nan, kuma taya mai kyau tana sauya yadda keke ke tafiya fiye da duk wani abu mai kuɗinta. Bayan su robar birki mai kyau, sannan sirdi in na farkon bai karɓe ka ba. Ɗaga giya daga Claris zuwa 105 kuwa kusan sai an canza komai tare, mariƙai, sarƙa, farantai, wani lokaci har wilin baya, kuma kuɗin yakan doshi na wani keken.

Bayan makonni kaɗan da fara hawan sabon keke wayoyin giya za su ɗan saki, giya ta fara tsalle ko ƙara. Ba lalacewa ba ce, rabin juyi na ɗan notin da ke inda waya ta shiga abin sauya giyar baya yakan gyara ta, kuma shaguna da yawa suna yin wannan saitin farko kyauta, sai ka tambaya tun ranar ciniki. Sarƙa kuma a goge ta da tsumma, a ɗiga mata mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya sau da yawa, sannan a sake goge na saman har ta daina baƙanta yatsa.